Yasobe Wanzami da Tukkun Sarkin Hinokura

Mijin yayata, Yasobe, wanzami ne, kuma a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana riƙe da aska, kai ɗaya tak ya aske: kan sarkin garinmu, Hinokura. Kada ku tambaye ni sunan sarkin. Ni Otake na yi shekara ashirin ina wanki a gidansa, na san faɗin wandonsa, amma sunansa ban taɓa jin an furta ba. Mai Gida muke cewa, mu sunkuyar da kai, ko da yana can Edo, tafiyar kwana goma sha tara.

Yasobe ɗan masaƙin tabarma ne. Ba don ya fi kowa iya aski aka ɗauke shi ba. An ɗauke shi ne don hannunsa ba ya gumi, bakinsa kuma ba ya motsi. Mutum ne da za ka gaishe shi da safe, sai rana tsaka ka samu amsa. Wanzamin da ya gada, wani tsoho, ya ɗan shafci kunnen Mai Gida da aska, jini ɗigo ɗaya ya fito. Da yake gidan mutunci ne, ba a sare kansa a kasuwa ba, a bayan barga aka sare, har aka ba iyalinsa gawar. To, wannan aikin ne aka ba Yasobe, ubansa har da raba wa maƙwabta wainar shinkafa don murna.

Mutanen ƙauye kan ce da ma su ne sarki. Hoho! Da sun kwana uku a ciki da sun tsallake katanga. Mai Gida ba ya tashi daga barci sai an ce masa ya tashi. In ya farka da wuri, sai ya yi lamo har a kaɗa ganga. Abincinsa sai mutum uku sun ɗanɗana, an zauna an jira a ga ko za su mutu, sannan a kai masa ya yi sanyi ƙalau. Yana saurayi ya taɓa yin kuskure ya ce wani kifi ya yi daɗi. Shekara huɗu ana ba shi kifin nan safe da yamma. Wata rana kuma ya ce ɗakin da sanyi, aka kori mai hura gawayi, shi da 'ya'yansa shida. Daga nan ya yi hankali. Komai aka ce masa, sai ya ce, "To." Matarsa tana Edo, inda babban sarkin yaƙi yake ajiye matan sarakuna don kada mazansu su fara wani tunani. Shekara ɗaya ya je ya gan ta, shekara ɗaya ya dawo ya kalli bangon ɗakinsa.

Kullum da hantsi Yasobe zai wanke hannu sau uku, ya ɗaure takarda a baki don kada numfashin talaka ya taɓa ƙeyar sarauta, ya shiga da rarrafe. Fadawa biyu suna bakin ƙofa, idonsu a kan tabarma, don ba a kallon sarki da gashi a warware. Ya aske gaban kan har tsakiya, ya taje na gefe da na ƙeya, ya shafe su da kaki, ya tattara ya ɗaure da igiyar takarda, ya kwantar da tukkun a bisa kai yana fuskantar goshi. Sannan ya ɗaga madubi. Mai Gida ya ce, "To." An gama hirar ranar ke nan.

Shekarar da baƙaƙen jiragen ruwan nan na Turawa suka zo, ƙasa duk ta rikice, mayaƙan sarakuna masu rataya takobi bibbiyu suna ta wasa makamai suna cika baki. Yasobe ko a jikinsa. Shi abin da ya hana shi cin abinci yana cikin matajinsa. Kullum ya taje, sai mataji ya fito cunkus da gashi. Mai Gida yana shekara talatin da huɗu sanƙo ya taso masa daga tsakiyar kai, ya gangaro ƙeya ba tare da ya nemi iznin kowa ba.

Ku ji mutanenmu fa! Namiji ya aske rabin kansa da gangan, kullum, ya ce ado ne. Amma in ɗaya rabin ya zube don kansa, an shiga uku. Sarkin da ba a iya ɗaure wa tukku ba ya shiga gaban babban sarki a Edo. Sai ya yi murabus, ya koma bayan gida yana watsa wa kifin tafki abinci. Mai Gida kuwa a lokacin ba shi da ɗa namiji, in ya sauka baƙo za a aiko mana. Wannan damuwar manya ce. Ta Yasobe ta fi kusa da wuya. A gidan nan sarki ba shi da aibi: ba ya tusa, ba ya tuntuɓe, ba ya sanƙo. In gashinsa ya zube, to wanzami ne mai mugun hannu, hanyar bayan barga kuwa Yasobe ya san ta.

Da farko nasa ya riƙa yankowa yana cusawa a cikin ɗaurin. Nasa siriri ne, ja-ja, bai kai wata shida ba shi ma ya fara neman taimako. Ya gwada wutsiyar doki. Ranar da aka yi ruwa, kan Mai Gida ya wuni yana warin barga, aka yi wa masu shara bulala. Saye kuwa babu hali. Mai sayar da gashi ɗaya ce a Hinokura, in ta ji magana da safe, kafin a ɗora tukunya masu fito a bakin kogi sun ji.

Yayata Okume ba kyakkyawa ba ce. Ni ce kyakkyawar gidanmu, kowa ya sani. Amma gashi, sai dai in yi shiru. Baƙi wuluk, mai kauri, in ta warware har cinya. Wata rana da yamma na faɗa gidansu ba sallama, na tarar da ita a durƙushe, shi kuma yana bayanta da almakashi, yana yankowa daga ƙasan ƙeya inda ba a gani.

Na ce, "Kai! Yasobe! Abin har ya kai ka sayar da kan yayata? Me za ka saya, giya?"

Ya tsaya da almakashi a hannu, baki a buɗe.

Okume ta ce, "Ke Otake, ja ƙofar nan."

"Ba zan ja ba, Yaya! Mace da mijinta a raye ana yanke mata gashi? So yake a ce ya mutu? To ya mutu mana, kowa ya huta!"

"In kika ci gaba da ihun nan, zai mutu ɗin kuwa," in ji ta. "Zauna."

Na zauna, ta faɗa mini komai. Ita ce ma ta kawo shawarar, don ta gaji da ganin mijinta yana tsakurar shinkafa kamar mai jinya. Ina cikin juya maganar, sai Yasobe ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Otake," in ji shi, "baki shi ke yanka wuya. Wannan karon bakin naki ne, wuyan nawa."

Tunda aka ɗaura aurensu ban taɓa jin ya jera kalmomi haka ba. Na yi alkawari. Ni da ba na iya riƙe labarin haihuwar kyanwa, na riƙe wannan shekara da shekaru, har ya kusa zame mini ciwon ciki.

Haka aka ci gaba. Duk wata shida ko bakwai, in ɗaurin ya tsufa ya fara karyewa, Yasobe ya ɓoye shi a hannun riga ya kawo gida ya jefa a murhu, ya yanko sabo. Shekarar da za a tafi Edo, Okume ta naɗe masa guzuri biyu: shinkafa a ganye, gashi a takarda.

A wata tafiyar ce asiri ya kusa tonuwa. Akwai Waziri Inokuci, mutumin da in Mai Gida ya yi atishawa sai ya nemo wanda ya bar taga a buɗe. Shi ke jan ayarin, mutum ɗari uku. An iso wani masauki, Mai Gida yana fitowa daga akwatin da ake ɗaukarsa a kafaɗa, sai tukku ya maƙale a saman ƙofar, ya zame, ya koma kan kunnen hagu. Rana tsaka, gaban mutum ɗari uku! Amma wa ya gani? Kowa goshinsa yana ƙasa, har Waziri, wanda nasa ya fi na kowa nutsewa a turɓaya. Yasobe kaɗai ya gani, don shi ko a durƙushe yake, ido ɗaya yana kan tukkun nan.

Mai Gida ya koma cikin akwati ya ja labule. Aka ji muryarsa: "Wanzami. Kaina yana ƙaiƙayi."

Yasobe ya zura rabin jikinsa ciki ya gyara. Waziri kuma ya binciko dalilin ƙaiƙayin, aka rage wa mai ɗinkin matashin kai matsayi.

Da suka dawo gida Yasobe ya ba mu labari, ya ƙare da cewa, "Bai lura ba."

Na ce, "Mutum gashinsa ya yi ƙaura ya koma kunne, ka ce bai lura ba?"

Okume ta taka mini ƙafa ta ce, "Ba ki ji ba? Bai lura ba."

Shekaru suka tura. Mai Gida ya samu ɗa namiji, amma hakan bai sauke wa Yasobe komai ba, don wanda ya yi shekara goma yana ɗora wa sarki gashin talaka ya fi mai mugun hannu laifi. Furfura ta fara fito wa Mai Gida a gefen kunne, ta fito wa Okume ma a daidai lokacin, Yasobe har yana murna da dacewar. Sun yi furfura tare, ita da mutumin da bai taɓa ganinta ba. Ɗaurin kanta yana ta ƙanƙancewa, matan bakin rijiya suna zunɗenta, suna tambaya ko ɓera ne a gidansu. Sai ta ce zazzaɓi ne ya cinye, ta ɗauki gugarta ta wuce.

A shekara ta goma sha shida tari ya kama ta, irin wanda ba ya saki. Wata safiya ina ba ta ruwan shinkafa, ta ture kwanon ta ce wa mijinta, "Kawo almakashi."

Bai motsa ba.

"Yanke duka. Ka raba shi uku. In ka yi tattali zai kai ka shekara biyu."

"Okume..."

"Kai da ba ka iya magana ba, kada ka fara koyo yau. Inda za ni ba a tambayar kitso. Yanke."

Ni na riƙe mata kai. Ina jin ƙarar almakashin nan a tafin hannuna. A ranar na tsani Yasobe, na tsani Mai Gida, na tsani duk wani namiji mai tukku a ƙasar nan, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Bayan kwana huɗu ta rasu. Na yi mata wanka ni kaɗai, na naɗe kan da farin ƙyalle kafin matan unguwa su shigo, na ce wasiyyarta ce kada a buɗe.

Kashi na farko ya tsufa, aka ƙone. Na biyu ma haka. Ranar da ya ɗaura na uku, Yasobe ya ce mini, "Wannan ba zan ƙone ba. In ya tsufa nawa ne." Abin da zai ɗora a bayansa kuwa bai sani ba. Na miƙa masa nawa, ya murza tsakanin yatsu, ya mayar mini ba magana, mara kunya. Aski dai ya zo gaban goshi.

Ana wata sai ga wata. Babban sarkin yaƙi ya faɗi, Edo ta zama Tokyo, aka ce sarakuna su miƙa ƙasa su koma birni su zauna. Aka kuma ce maza su yanke tukku su koma kamar Turawa. Waziri Inokuci ya ci kuka ya ƙoshi, sannan ya shirya biki, don a gidan nan ko rushewa sai da tsari. Za a tara masu takobi a farfajiya, Mai Gida ya zauna a kan farar shimfiɗa, Waziri da kansa ya kama tukkun ya yanke da wuƙar kakanni.

Kama tukkun! Ai ba sai an kai ga wuƙa ba, a hannunsa zai taho. Ga kuma maza ɗari uku da aka raba da shinkafar da ake ba su a matsayin albashi, takubba a ƙugu, kowa yana neman wanda zai huce a kansa. Da safiyar ranar Yasobe ya yi wanka, ya sa wankakkun kaya har na ciki, ya share gida.

Ina leƙe ta tsakanin shanya. Waziri ya matso da rarrafe, wuƙa a kan tafukansa biyu, majina har gemu. Ya miƙa hannu.

Mai Gida ya ce, "Wanzami."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, al'ada ta nuna cewa babban bafade ne..."

"Wanzami. A sa labule."

Tsofaffin gidan ba su taɓa jin ya katse wa kowa magana ba. Aka kewaye shi da labule, Yasobe ya shiga. Abin da ya faru a ciki shi ya faɗa mini, kuma sai da na yi wata guda ina tatsa.

Ya datse ɗaurin daga gindi yadda zai yi kama da yankakke, ya ɗora a kan faranti mai farar takarda a gefen labule. Mai Gida ya ce, "Aske sauran duka." Yasobe ya jiƙa kan ya fara. Yana cikin yi, sai Mai Gida ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai juyo ba.

"Na wane ne?"

Askar ta kusa faɗuwa. "Na... na matata ne, ranka ya daɗe."

"Shekara goma sha takwas."

"I, ranka ya daɗe."

"Tun ranar farko na sani. Na dokin ma na sani. Da na buɗe baki, da an kai ka bayan barga. Ka gaishe ta. Ka ce mata na gode."

"Ta rasu, ranka ya daɗe. Shekara biyu ke nan. Wannan ne ya rage."

Yasobe ya ce ya ga ƙeyar nan da ya sani fiye da fuskarsa ta yi ja har wuya. Can Mai Gida ya ce, "Ɗauka. Sa a riga, maza."

Yasobe ya juya, babu faranti. An zuro hannu ta ƙarƙashin labule an janye, don abin da ya sauka daga jikin sarki ba ya jira a ƙasa. Sai suka ji farfajiya ta ɗauki kuka, ƙarti ɗari uku suna rusa ihu, Waziri yana ɗaga farantin sama.

Da aka yaye labule, Mai Gida ya fito da kai fes kamar ƙwai, ba wanda zai ce an taɓa yin sanƙo a wurin. Ya ce, "Waziri, a ba wanzami tukkun."

Waziri ya kai goshi ƙasa ya ce, "An ji, ranka ya daɗe."

Duk wanda ya yi aiki a gidan sarauta ya san abin da "an ji" ke nufi. Kafin la'asar an sa shi a akwatin baƙin fenti mai zanen zinariya, an ɗaure da igiyar siliki, an hau da shi ɗakin bautar kakannin sarauta da ke kan dutse. Bayan kwana uku Mai Gida ya sa malafar Turawa ya tafi Tokyo, bai ƙara dawowa ba. Umarni biyu ya taɓa bayarwa da son ransa, aka bi masa ɗaya.

Yasobe ya tsira da wuyansa. Ya naɗe askarsa, ya koma saƙar tabarma irin ta ubansa. Bayan 'yan shekaru aka hana yawo da takobi, manyan jiya suka shiga neman na abinci. Waziri Inokuci ya buɗe shagon laima, yana harararar duk wanda ya zo saye.

Na ce, "Yasobe, yanzu wa zai kashe ka? Mai laima? Je ka faɗa musu gashin wa suke wa turare, su ba ka abinka."

Ya ci gaba da saƙa. "In na faɗa, Mai Gida ya zama abin dariya a gidan wanka."

"Ya zama mana! Shi ya aike ka?"

"Kuma ba hannuna za su ba ni ba. Wuta za su jefa shi."

"To ka sato!"

Ya ɗago ya dube ni. "Ta yanke ne don kada a sani, Otake. Ni ne zan sanar?"

Na zage shi tas, na tafi, na dawo washegari da abinci.

Kullum da hantsi sai ya hau dutsen nan, matakala ɗari da wani abu. Talaka ba ya wuce ta ƙarshe, can yake durƙusawa, yana fuskantar rufaffiyar ƙofa, bakinsa yana motsi. Gari ya ɗauka. Ga biyayya, ga amana! Waziri da kansa ya tara mutane ranar bikin kakanni ya ce, "Ku dubi talaka, ya fi wasu 'ya'yan manya sanin darajar ubangidansa." Har takardar yabo aka rubuta masa da babban alkalami. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai gida ya toshe wata ɓaraka a ƙofa da ita.

A shekara ta tara da fara hawan dutsen gwiwoyinsa suka ƙi, na fara raka shi yana dafa kafaɗata. Ranar farko na tsaya a bayansa ina haki, sai na ji abin da yake faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da takarda a baki, ashe a nan yake zuba.

"Okume, rufin nan ya fara yoyo ta wajen murhu, na tara kwano. Kifi ya yi tsada. Matar mai gawayi ta haihu, mace. Otake ta zo jiya, ta yi faɗa, ta ci shinkafa kwano uku. Ga ta nan ma, ita ta hawo da ni. Ta tsufa, amma kada ki faɗa mata."

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, na zauna a kan matakalar nan na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da na naɗe mata kai. Masu wucewa suka tsaya suna gyaɗa kai.

Yasobe ya taɓa hannuna ya ce, "Yi a hankali, Otake. Za su ce ke ma mai biyayya ce, su ba ki takarda."

Taku bakwai ne tsakaninsa da ƙofar. Ya rasu a bazarar da ta biyo, bai taɓa ganin an buɗe ta ba.